Naman Dila da Yanyawa: Haɗarin Yana Wurin Fiɗa

Da rani, idan an fara ƙona daji ana farauta a kewayen Kafanchan da gindin duwatsun Kagoro, tambayar da mu ma'aikatan lafiyar dabbobi muke yawan sha ita ce: ana cin naman yanyawa kuwa?

Bari mu fara da bambancewa. Yanyawa 'yar ƙasar rairayi ce, can arewa wajen Katsina, Sakkwato da Nijar, inda take haƙa rami ta kwana da rana ta fito da dare. Abincinta ɓeraye, fara, gara, ƙadangaru, ƙwan tsuntsaye da 'ya'yan itatuwa. Wanda mafarautanmu na Kudancin Kaduna suka fi haɗuwa da shi dila ne. Shi kuwa malamin daji ba ya zaɓe: ɓera, kajin gida, mushe, har tonon juji.

Hukuncin cinsu na malamai ne; a mazhabar Malikiyya dai makaruhi ne. Abin da ya shafi aikina shi ne lafiya. Naman da ya dahu lugub, wuta ta kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa. Matsalar tana kafin a kai ga tukunya.

Wata shekara wani dattijo ya kawo mini karensa da rauni a wuya. Ya ce dila ne ya shigo bayan gidansa da rana tsaka, bai gudu ba, ya kama kare da faɗa, shi kuma ya buge dilan da gora har ya mutu. Na ce, "Baba, ina gawar?" Ya ce, "Ai likita, tun jiya na feɗe." Na dubi hannunsa, sai ga sabon yanka a babban yatsa, inda wuƙa ta zame.

Nan hankalina ya tashi. Lafiyayyen dila ba ya tsayawa ido da ido da mutum. Wanda ya daina tsoro, ko yake dalalar da miyau, ko yake tangaɗi, ana zargin yana ɗauke da cutar haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin miyau da ƙwaƙwalwa, kuma ta ƙaramin rauni take shiga. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. A ranar na tura dattijon asibiti ya fara allurar rigakafi, muka killace karen.

Don haka, kada a feɗe dabbar da aka tsinta a mace ko wadda ta zo da baƙin hali. Kada a jefa wa karnuka kai ko kayan ciki. In an yi cizo ko yaƙushi, a wanke da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a nufi asibiti ba tare da jira ba. A kira jami'in dabbobi ya aika da kan zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, da ke nan kusa a Jihar Filato, don gwaji.

Mafarauta, karenku shi ne gada tsakanin daji da ɗakin 'ya'yanku. Ku yi masa allurar haukan kare tun yana wata 3, ku kuma maimaita kowace shekara.