Amsoshin Tambayoyinku: Ƙungiyar Masu Binciken Sunan Zuri'a a Ingila

Malama, kin tambaya ko shiga irin wannan ƙungiya na da amfani. Ƙwarai kuwa. Tun 1538 cocin Ingila ke rubuta baftisma da aure da jana'iza, ƙidayar 1841 kuma ta ɗauki sunayen mutanen kowane gida. Tulin takardun ya fi ƙarfin mutum ɗaya, shi ya sa aka kafa Guild of One-Name Studies a 1979, mamba ya riƙi suna guda yana bin sawunsa duk duniya. Wani zai ce suna ɗaya ba jini ɗaya ba ne. Haka ne, domin sunaye da dama daga sana'a ko gari suka fito. Amma gwajin ƙwayar halittar da ɗa ke gada wurin uba yana tantance gidajen, kuma sai an haɗu ake samun waɗanda za a gwada.