KUƊIN TARA DA LAFIYAR YARA: DARASI A KAN KAYAN ƘWALAMA DA ƘIBA

A ƙasar Hausa idan aka ga yaro ya yi ɓulɓul, kumatu sun cika, sai a yaba wa uwarsa, a ce ta iya reno. Ba a banza aka saba da wannan yabo ba. Kakanninmu sun ga fari, sun ga yunwa, sun ga yadda ƙyanda da gudawa ke ɗauke yaron da ya rame, don haka a wurinsu ƙiba alamar lafiya ce da wadata. To amma abincin da ke sa yaro ƙiba a yau ba shi ne na zamaninsu ba. Wannan darasi na ɗalibai ne, amma muna roƙon iyaye da malamai su ma su karanta, domin daga aljihunsu kuɗin tara ke fitowa.

Mu fara da halin da muke ciki

Kafin a yi maganar ƙiba a Zariya, dole a faɗi gaskiya, watau babbar matsalar yaranmu har yanzu ita ce rashin isasshen abinci mai gina jiki. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma, inda jiharmu ta Kaduna take, abin ya kai kashi 57. Waɗanda nauyinsu ya wuce kima kuwa kashi 2 ne kacal. Wani zai ce, to me ya kawo maganar ƙiba?

Ga abin da ya kawo ta. Shi dai wannan bincike ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Ke nan a unguwa ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya, ana iya samun yaro mai tamowa da uwa mai hawan jini. Sa'an nan a duniya baki ɗaya abin gudu yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin 100 ne na masu shekara 5 zuwa 19 ke da nauyin da ya wuce kima, amma zuwa 2022 sun kai kashi 20, watau yara sama da miliyan 390. A 2025 hukumar UNICEF ta ba da rahoto cewa, a karo na farko, yaran makaranta masu mummunar ƙiba sun fi ramammu yawa a duniya. Rahoton ya ware Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya a matsayin wuraren da ba su kai wannan hali ba tukuna. Kalmar da ya kamata mu riƙe ita ce "tukuna".

Abin da gwamnati ta ce

Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da littafin jagora a kan cin abinci mai kyau a 2001, aka sake buga shi a 2006. An zana abincin kamar dala. A gindinta akwai hatsi da burodi da su doya da rogo da dankali. Sama da su ganyaye da 'ya'yan itatuwa. Sai nama da kifi da ƙwai da madara, waɗanda za a ci daidai wa daida. Can kusa da ƙololuwa mai da kitse, a yi amfani da su kaɗan, su alewa kuwa sai jefi-jefi. A gefen dalar an zana kofin ruwa, don tunatar da mu yawan shan ruwa.

A kan yara 'yan shekara 6 zuwa 11, jagoran bai hana cin wani abu tsakanin kalaci da kalaci ba. Cewa ya yi a ƙarfafa musu cin mai kyau, a rage musu mai sukari. Wannan magana ta yi daidai, domin cikin yaro ƙarami ne, ga shi yana girma, ba zai iya ɗaukar abin da zai riƙe shi daga safe har azahar a zama ɗaya ba. Ga matasa 'yan 12 zuwa 18, an ce su ci abinci iri-iri, su yawaita 'ya'yan itatuwan da ake yayi, 'yan mata kuma su ƙara cin abin da ke da sinadarin ƙarfe, kamar nama da kifi da wake, saboda jinin da suke zubarwa duk wata.

Inda jagoran ya gaza shi ne bai faɗi yawan sukarin da ya zama "da yawa" ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta cike wannan giɓi a 2015. Ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini, in ma an mai da shi ƙasa da kashi 5 ya fi, watau kamar ƙaramin cokali 6. A cikin wannan lissafi har da zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse, amma ban da 'ya'yan itacen da aka ci da zare-zarensu, ban da madarar da ba a zuba mata sukari ba.

Mu yi lissafi

'Yan aji, ku ɗauko biro. Ƙarfin da ke cikin abinci ana auna shi da kalori. Giram ɗaya na sukari kalori 4 ne, giram ɗaya na mai kuwa kalori 9. A ce ɗalibi yana bukatar kalori 2000 a yini. Kashi 10 cikin 100 na wannan shi ne 200. A raba 200 gida 4, a sami giram 50. Ƙaramin cokalin shayi yana cin wajen giram 4, ke nan iyakar ɗalibin nan cokali 12 ne da ɗoriya, daga wayewar gari har kwanciya.

Lemon kwalba irin baƙin nan da aka saba sha yana da sukari wajen giram 10.6 a kowane mililita 100. Robar rabin lita ke nan tana ɗauke da giram 53, watau cokali 13. Ba wanda zai zauna ya ɗura cokali 13 na sukari a bakinsa, amma da yake an narkar da shi, an sa masa gas da ɗan tsami, an sanyaya, sai a shanye cikin minti biyar. Roba guda ta wuce iyakar yini gaba ɗaya, ba a lissafa sukarin shayin safe ba, ba a lissafa na koko ba. Wanda ke shan roba ɗaya kowace ranar makaranta, a zangon karatu mai mako 13 ya sha roba 65, sukarin da ke ciki ya kusa kilo uku da rabi.

Abin da ya sa abin sha ya fi haɗari shi ne ba ya cika ciki. Wanda ya ci dafaffen rogo da ƙuli zai ji ya ƙoshi, ya rage tuwon da zai ci in ya koma gida. Wanda ya sha lemo kuwa, yunwarsa na nan yadda take. Ƙarfin da ya shiga jiki ba a ƙone shi ba, jiki ba ya zubar da shi, mai da shi kitse yake yi ya ajiye. Idan kitsen nan ya taru, musamman a ciki, sai sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne shigar da sukari daga jini zuwa tsoka, ya riƙa kasa aikinsa. Daga nan ciwon sukari ke somawa. Hawan jini da ciwon gwiwa su ma suna bin wannan hanya, kuma yaron da ya tashi da mummunar ƙiba yawanci da ita yake girma. Haƙora kuwa ba sa jiran a tsufa. Ƙwayoyin cuta na baki suna mai da sukari tsami, tsamin ya ci haƙori, shi ya sa mai tsotson minti duk yini yake fama da kogon haƙori tun yana firamare.

A nan bari mu taɓa maganar lemon malt, wanda ake kai wa marar lafiya asibiti da cewa yana ƙara jini. Sukarinsa bai gaza na sauran ba. Mai neman jini ya nemi hanta da wake da zogale. Haka kuma tun 2002 doka ta tilasta a sa bitamin A a cikin sukari da man girki da fulawa a Nijeriya. Dabara ce mai kyau don kare idanun yara, amma ba ta mai da sukari magani ba.

Na gida da na kanti

Daga Tudun Jukun zuwa kasuwar Tudun Wada, ko ta Ƙofar Doka zuwa cikin birni, babu lungun da yaro zai rasa abin saye. Shaguna cike da biskit da cakulan da minti da taliyar leda, a bakin titi kuma ga masu tallar awara da ƙosai da gyaɗa. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka duk abin gargajiya lafiyayye ne, duk na kanti guba ne. Alkaki da dubulan da nakiya na gargajiya ne, amma fulawa ce ko shinkafa da mai da sukari ko zuma, kuma da can sai da biki ko salla ake ganinsu, ba kowace safiya ba. Mazarƙwailar Maƙarfi sukari ce. Gullisuwa da tuwon madara da iloka da hanjin ligidi duk sukari ne. Zoɓo da kunun zaƙi kuwa ya danganta da hannun mai haɗawa, wata takan zuba abin da ya fi na kamfani.

Abin farin ciki shi ne ƙasar Zazzau tana da wadatar abin da ya dace da kuɗin tara. Dafaffiyar gyaɗa da gurjiya da gasasshiyar masara a ƙarshen damina. Karas da gwaiba da lemon zaƙi da rani ya kama. Mangwaro da bazara. Aya da goruba da magarya da ɗinya da kanya. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli. Dafaffen ƙwai. Nono ba tare da an tsuga masa sukari ba. Awara ta cancanci yabo na musamman, domin waken suya yana cikin abincin da ya fi kowane gina jiki a farashin talaka, sai dai a lura da man da aka soya ta, in ya yi baƙi saboda maimaici a bar ta. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a tofar, tana da dafin da ke cutar hanta. 'Ya'yan itace kuma a wanke su da ruwa mai tsabta, kada a gudu daga ƙiba a faɗa hannun amai da gudawa.

Haraji da doka

Shawara kaɗai ba ta isa ba, shi ya sa gwamnatoci suka shiga amfani da doka. Meziko ta sa haraji a kan abin sha mai sukari a 2014, Ingila da Afirka ta Kudu suka bi a 2018. A Nijeriya, dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita, aka fara karɓa a 2022. Naira 5 ke nan a kan robar rabin lita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai haraji ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin ya rage sha sosai, don haka a ganinmu wannan naira 5 ba za ta hana kowa komai ba. A 2023 kuma aka fitar da ƙa'idar hukumar NAFDAC da ta taƙaita wani mugun kitse na masana'anta, wanda ake samu a wasu kayan gashi da suya, zuwa giram 2 cikin kowane giram 100 na mai.

A Ingila a 2018 hukumar lafiya ta shawarci iyaye cewa kayan ƙwalama na leda kada su wuce biyu a yini, kowane kada ya wuce kalori 100. Wasu masu kula da lafiyar matasa sun soki wannan, suka ce sa yara ƙirga kalori zai iya jefa su cikin tsoron abinci. Suna da hujja. Kada wata ɗaliba ta karanta wannan darasi ta shiga ƙin karin kumallo, kada kuma 'yan aji su mai da mai jiki abin tsokana, domin wata ƙibar gado ce, wata kuma ciwo ne. A ɗaya gefen akwai 'yan matan da ke shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su yi jiki kafin aure. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan magungunan wasu cututtuka ne dabam, suna kumbura fuska, suna iya jawo ciwon sukari da hawan jini.

Ko nauyin yaro ya wuce kima, ido ba ya yanke hukunci. Ana raba nauyi a kilo da tsayi a mita sau biyu. Alal misali mai kilo 60 da tsayin mita 1.6, a raba 60 da 2.56, a sami 23.4. Ga babba, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 ya zama mummunar ƙiba. Ga yaro kuwa sai ma'aikacin lafiya ya duba jadawalin shekaru da jinsi. Motsa jiki ma yana cikin lissafin. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce aƙalla minti 60 kullum ga masu shekara 5 zuwa 17. Tafiya makaranta a ƙafa da ɗiban ruwa da ƙwallo da langa duk sun shiga ciki, zaman keke napep da latsa waya ba su shiga ba.

Aikin hutu

Kowane ɗalibi ya ware shafi biyu a bayan littafinsa. Har kwana bakwai ya rubuta duk abin da ya saya ya ci ko ya sha tsakanin kalaci, da kuɗinsa. Na leda ko na kwalba, ya duba rubutun jikinsa, ya nemi yawan sukari a giram 100 ko mililita 100, ya lissafa na dukan ledar, ya raba gida 4 ya sami cokula. Wanda ba a rubuta komai a jikinsa ba, a sa masa alamar tambaya, a kuma duba ko yana da lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A shafi na biyu ya rubuta abin da wannan kuɗi zai iya saya a wurin mai gyaɗa ko mai lemon ɓawo a unguwarsu. A kawo shafukan a makon farko na dawowa, za a haɗa na kowane aji a allo a kwatanta.