Darasinmu: Me Bincike Ya Gano Game da Lafiyar Iyali, Itatuwa da Ajiyar Kuɗi?

A wannan fitowa za mu leƙa wani reshe na ilimin tattalin arziki, wanda yake nazarin rayuwar masu ƙaramin ƙarfi da hanyoyin da za a bi a sauƙaƙa masu. Kada sunan ya tsorata ki, 'yar uwa. Abubuwan da masanan ke bincikawa su ne dai waɗanda kike fama da su safe da yamma: zazzaɓin yara, itacen girki da kuɗin zubin adashi. Ki karanta a tsanake, in da hali ku karanta tare da maƙwabta ko a taron mako, domin akwai tambayoyi a ƙarshe.

Yadda ake yin gwajin

A da, idan gwamnati ko wata ƙungiya ta kawo shiri ƙauye, sai a jira a ga ko al'amura sun gyaru. To amma in sun gyaru, wa ya san dalili? Wataƙila damina ce ta yi kyau, ko kuwa dagacin garin ne mai himma. Saboda haka masana suka aro dabarar likitoci wajen gwada magani. Sai a tara ƙauyuka masu kama da juna, a jefa ƙuri'a, wasu a kai masu shirin, wasu a bar su yadda suke. Bayan shekara ɗaya ko biyu a dawo a auna. Tun da ƙuri'a ce ta raba su, bambancin da aka gani a tsakaninsu daga shirin ya fito. Gani ya kori ji ke nan.

A shekarar 2019 aka bai wa masana uku lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki saboda wannan hanya, wato Abhijit Banerjee da Michael Kremer da Esther Duflo. Ita Duflo ita ce mace ta biyu da ta taɓa samun wannan lamba a fannin, tana da shekara 46.

Kashi na farko: lafiya

An daɗe ana gardama a kan gidan sauro mai magani. Wasu suka ce kada a raba shi kyauta, domin abin da mutum bai saya da kuɗinsa ba ba zai daraja shi ba. A 2007 wasu mata biyu masana, Jessica Cohen da Pascaline Dupas, suka gwada maganar a asibitocin awon ciki guda 20 a yammacin Kenya. A wasu asibitoci aka ba masu ciki gidan sauron kyauta, a wasu aka sa ɗan farashi. Farashi mafi tsada shi ne shilin 40 na Kenya, wanda bai wuce kashi ɗaya bisa goma na ainihin kuɗinsa ba. Duk da haka, masu karɓa suka ragu da fiye da rabi. Da aka bi gidaje aka duba kuma, waɗanda suka samu kyauta suna rataya shi kamar yadda waɗanda suka saya suke yi. Ashe ɗan kuɗi kaɗan ya isa ya hana mai ciki kariya daga zazzaɓin cizon sauro.

A gundumar Udaipur ta ƙasar Indiya kuwa allurar rigakafi aka gwada, a ƙauyuka 134. Inda ba a yi komai ba, yara 6 ne kawai cikin 100 suka kammala allurarsu. Inda aka tabbatar ma'aikacin lafiya yana zuwa ƙauyen kowane wata a ranar da aka sani, adadin ya hau zuwa 18. Inda aka ƙara da bai wa uwa kilo ɗaya na irin waken da suke miya da shi duk zuwa, da faranti in yaro ya kammala, adadin ya kai 39. Abin mamaki, kuɗin da aka kashe a kan kowane yaro da ya kammala ya fi sauƙi a inda aka raba waken, saboda ma'aikacin bai zauna yana jiran mutane a banza ba.

Mu lura da kyau a nan. Yawancin iyayen nan sukan kai yaro allura ta farko har ta biyu, daga nan sai a fara cewa sai wata mai zuwa. Aikin gida ya yi yawa, hanya da nisa, yaron kuma lafiyarsa ƙalau a ido. Kilon wake bai canza wa kowa aƙida ba, ya dai ba uwa dalilin tashi yau maimakon gobe. 'Yar uwa, duba katin rigakafin ɗanki a daren nan. In akwai gurbin da ba a cike ba, ku sa rana ke da maƙwabciyarki ku tafi tare.

Kashi na biyu: itatuwa da murhu

Mace ta fi kowa sanin ciwon ƙarewar daji, domin ita ke lissafin kuɗin ice da gawayi, ita ke shaƙar hayaƙi. A yammacin Uganda, a gundumomin Hoima da Kibaale, wata masaniya mai suna Seema Jayachandran da abokan aikinta sun yi gwaji a ƙauyuka 121 tsakanin 2011 da 2013. A kusan rabinsu aka ce wa masu filayen daji za a biya su shilin 70,000 na Uganda a kowace hekta a shekara, wajen dala 28 a lokacin, muddin ba su sare itatuwan ba. Kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai suka shiga. Amma da aka auna da hotunan tauraron ɗan Adam, itatuwa sun ragu da kashi 4.2 cikin 100 a ƙauyukan shirin, alhali a sauran sun ragu da kashi 9.1. Ba a kuma ga alamar sun koma sara a dajin maƙwabta ba. Sau da yawa magidanci kan sayar da itace ne idan kuɗin makaranta ko na asibiti ya taso. Da ya sami wata ƙofar, sai ya ajiye gatari.

Ba kowane shiri ne yake cin nasara ba. A jihar Odisha ta Indiya an bi gidaje sama da 2,000 har shekara huɗu bayan an gina masu murhun zamani mai bututun fitar da hayaƙi. A shekarar farko masu girki sun rage shaƙar hayaƙi. Daga baya murhu ya tsage, bututu ya toshe, ba a gyara ba, aka koma tsohon murhu. A ƙarshe ba a ga canji a lafiyar iyali ko yawan icen da ake ƙonawa ba. Duk abin da aka kawo gida, amfaninsa yana hannun mai kula da shi kullum.

A kusa da mu kuma akwai abin koyi. Tun daga 1983 manoma a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, tare da wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, suka fara abin da ake kira sassabin zamani. Maimakon a share gona ƙaf, sai a bar kututturen da ke toho, a zaɓi rassa masu ƙarfi, a datse sauran, a kiyaye su. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an samu itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram. Gawo na cikin waɗanda suka fi yawa, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana. Rassan da ake datsewa sukan zama icen girki, ganyen kuka ya shiga miya ko kasuwa.

Kashi na uku: ajiya da bashi

Nan ne nake so mu daɗe. A 2008 Pascaline Dupas da Jonathan Robinson suka yi aiki da ƙungiyoyin adashi 113 a yammacin Kenya, mutum 771, galibinsu mata. Kowa ya faɗi abin da yake son tanada don lafiyar gidansa, kamar gidan sauro ko maganin tsabtace ruwan sha. Sai aka jefa ƙuri'a aka raba ƙungiyoyin.

Wasu aka ba kowace mace ƙaramin akwatin ƙarfe mai kafar jefa kuɗi, da kwaɗo, makulli a hannunta. Wasu aka ba su irin akwatin, amma makulli yana wurin jami'in shirin, ba za a buɗe ba sai kuɗin ya cika. Wasu aka ce su buɗe wani zubi na daban a cikin adashinsu, wanda duk mai kwasa kayan lafiya za a saya mata. Wasu kuma aka buɗe wa kowace asusu a hannun ma'ajin ƙungiya, ba a fitar da kuɗin sai rashin lafiya ya taso.

Bayan shekara ɗaya, masu makulli a hannunsu sun ƙara abin da suke kashewa a kayan kariyar lafiya da wajen kashi 66 cikin 100. Masu zubin lafiya a cikin adashi sun ninka nasu har da ɗoriya. Masu asusun rashin lafiya sun fi sauran iya biyan kuɗin magani idan ciwo ya zo. Amma akwatin da aka riƙe makullinsa bai taimaki yawancin mutane ba. Dalili kuwa a fili yake: mai ƙaramin ƙarfi tana tsoron kulle kuɗinta inda ba za ta kai gare shi ba idan yaro ya tashi da zazzaɓi cikin dare.

To me ke cikin akwatin da babu riba, babu banki? Matan sun ce kuɗin da ya shiga akwati ya riga ya sami suna. Kuɗin da ke ɗaure a bakin zane na kowa ne: mai tallan atamfa, ankon biki, ɗan uwa mai neman rance. Wanda aka ce na magani ne kuwa, ya fi sauƙi mace ta hana kanta, ta kuma ba wani haƙuri ba tare da an ji haushi ba. Wannan ba ya nufin a daina taimakon dangi ko a ɓoye wa maigida. Abin da ya fi shi ne ku zauna da shi ku amince cewa wannan asusu na lafiyar yara ne, kowa ya san da zamansa.

Mu ba baƙi ba ne a wannan fage. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara da matan yankin Maraɗi a 1991, inda mata ke zubi a akwati ɗaya suna ranta wa juna, shi ne ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta.

Wayar hannu ma ta shigo ciki. Bayan farin da aka yi a Nijar, a 2010 ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafin kuɗi ga mata a ƙauyuka 96 na jihar Tawa har wata biyar. Jenny Aker da abokan aikinta suka kwatanta waɗanda suka karɓa hannu da hannu da waɗanda aka tura wa ta waya. Kuɗin iri ɗaya ne, amma gidajen da aka tura wa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu kuma sun fi samun abinci a yini. Masanan sun danganta haka da lokacin tafiya da bin layi da matan suka huta, da kuma ƙarin bakin da suka samu a shawarar yadda za a kashe kuɗin.

Game da ƙananan basussuka na sana'a, a 2015 an fitar da sakamakon gwaje-gwaje shida daga Indiya, Habasha, Maroko, Meziko, Mongoliya da Bosniya. Wasu masu sana'a sun faɗaɗa harkarsu, amma a jimlace ba a ga bashin ya fitar da gidaje daga talauci ba. Saboda haka kafin ki sa hannu a takardar bashi, ki tambayi nawa za ki mayar gaba ɗaya, yaushe za a fara biya, kuma ko akwai kuɗin ruwa a ciki. Ga mu Musulmi wannan tambaya ta ƙarshe ba ta wasa ba ce. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a Nijeriya a 2012, sannan ga rance tsakanin 'yan ƙungiya ba da ƙari ba.

Jan hankali

Abin da ya yi aiki a Kenya ko Indiya ba dole ne ya yi daidai haka a Zariya ko Tamale ba. Farashi ya bambanta, al'ada ta bambanta. Amma gwada akwatin lafiya ko zubin lafiya ba ya cin komai. Ku fara da kaɗan, ku rubuta abin da aka zuba da abin da aka fitar, bayan wata shida ku duba littafin ku yanke hukunci da kanku.

Tambayoyin tattaunawa

1. Me ya sa ake jefa ƙuri'a wajen zaɓen ƙauyukan gwaji?
2. A unguwarku, mene ne yake hana iyaye kammala rigakafin yara, kuma wane abu ƙarami ne ƙungiyarku za ta iya yi a kai?
3. Me ya sa akwatin da makullinsa ke hannun mai shi ya fi wanda aka riƙe makullinsa amfani?
4. Nawa gidanki ya kashe a ice ko gawayi a watan jiya? In kuna da gona, akwai kututturen da za a bari ya toho?
5. Idan adashinku zai buɗe zubin lafiya, wa zai riƙe kuɗin, su wa za su shaida, kuma da wane sharaɗi za a fitar?

Sai mun ji daga gare ku ta hannun shugabannin rassanku. Allah Ya ba mu lafiya da zuri'a mai albarka, Ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke tarawa. Wassalamu alaikum.