DARASI: YADDA JIKIN JARIRI YAKE GINUWA DA ABINCI

'Yan'uwa, a kanti da asibiti mukan ga garin kunun yara wanda aka ƙara wa abubuwan gina jiki. Cikinsu akwai abin da likitoci suke kira amino asid. Bari mu duba abin da jikin jariri yake yi da shi.

Abinci mai gina jiki, wato furotin, kamar ginin tubali yake. Tubalan su ne amino asid, iri 20. Jiki yana iya yin waɗansu da kansa, amma guda 9 sai daga abinci. In yaro ya sha nono ko kunu, ciki da hanji sukan farfasa furotin, jini ya kai tubalan hanta, daga nan a raba su ko'ina domin gina tsoka, jini da ƙashi.

Gero, dawa da masara suna da ƙarancin wani tubali mai suna laisin. In laisin ya ƙare, gini ya tsaya, ko da sauran tubalan suna nan jibge. Shi ya sa masu sarrafa garin kunu suke ƙara laisin, ko madara, ko waken soya.

Jiki ba shi da rumbun ajiye amino asid. Abin da ya ragu, hanta takan farfasa shi, ƙoda ta fitar da dattinsa cikin fitsari. Ƙodar jariri ba ta yi ƙwari ba tukuna, don haka kada mu ba shi garin furotin na manya. Haka kuma in kunu ya yi ruwa-ruwa, jiki yakan ƙone tubalan domin samun ƙarfi, ba a yi gini ba.

A shekara ta 1933 Likita Cicely Williams ta bayyana wani ciwon kumburi a ƙasar da yau ake kira Gana, ga yaran da aka yaye da kunun masara zalla. A 1935 ta sa masa suna kwashiyoko, kalmar mutanen Ga.

ME ZA MU YI?
1. Nonon uwa kaɗai har wata 6. Yana da dukan tubalan daidai bukatar jariri.
2. Daga wata 6 mu fara kunu mai kauri, mu ci gaba da ba da nono har shekara 2.
3. Mu haɗa mudu uku na hatsi da mudu ɗaya na wake ko waken soya, a soya su sosai kafin niƙa.
4. Mu sa cokalin man gyaɗa ko manja, da ƙwai ko garin kifi in akwai.
5. In ƙafafun yaro sun kumbura, mu kai shi asibiti nan da nan.

TAMBAYOYI DOMIN ZUMUNTAR MATA
Wane irin kunu muke ba yaranmu? Wake nawa za mu ware musu bayan girbi kafin mu kai kasuwa?

Yara amana ne daga Allah. Ya taimake mu mu riƙe ta.