Amsoshin Tambayoyinku: Koya wa Yara Haɗa Launuka

Wata malamar makarantar nazare daga Zariya ta aiko tana tambayar yadda za ta koya wa yaranta haɗa launuka da fenti. Malama, mun gode da wannan tambaya.

Fara da launuka uku kacal: ja, rawaya da shuɗi. Rawaya da shuɗi na ba da kore, ja da rawaya na ba da ruwan goro, ja da shuɗi kuwa shunayya. Sai dai kada ki riga su faɗa. Ɗiga wa yaro rawaya a tafin hannu ɗaya, ɗan shuɗi a ɗayan, ki ce ya murza ya danna kan takarda. Ihun da zai yi idan ya ga kore ya fito, shi ne darasin, kuma da wuya ya manta. Idan a murfin roba za su haɗa, su fara zuba launi mai haske, sannan su riƙa ɗiga mai duhun kaɗan-kaɗan, domin shuɗi na saurin cinye rawaya.

Wani zai cakuɗa ukun duka ya samu ruwan ƙasa. Kada a tsawata masa, shi ma ya gano wani abu. Tambaye shi me ya zuba.

In kuɗin fenti ya yi wuya, ga ruwan zoɓo, ga kurkum, wanda ke komawa ja da zarar an ɗiga masa ruwan kanwa. Amma don Allah, Malama, a guji fentin gini. Wasu na ɗauke da gubar dalma mai illa ga ƙwaƙwalwa, kuma kin san hannun yaro ba ya nisa da bakinsa.