DUTSE MAI KAMA DA ƘAHON RAGO

Mutanen Kafancan da kewaye sun daɗe da sanin darajar abin da ƙasa ke ɓoyewa, tun da masu haƙar kuza suka tono gunkin yumɓu a Nok cikin 1928. To, akwai wata taska da ta girmi gumakan Nok nesa ba kusa ba, wadda masana ke kira amonait.

MENE NE AMONAIT?

Wata halitta ce ta teku mai taushin jiki, wadda ta zauna cikin ƙoƙo naɗaɗɗe kamar ƙahon rago. Irinta ya ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Idan ta mutu sai laka ta binne ƙoƙon, a hankali ya zama dutse.

INA AKE SAMUNSA?

Duwatsun kudancin Jihar Kaduna, irin su Dutsen Kagoro, sun samu ne daga narkakken dutse na cikin ƙasa, saboda haka ba su ɗauke da burbushin halittu. Sai an nausa gabas, zuwa inda ake fasa dutsen siminti a Ashaka, Jihar Gombe, ko kuwa Dukamaje ta Jihar Sakkwato. Har ma akwai wani jinsi da masana suka raɗa wa suna Gombeoceras, don a ƙasar Gombe aka same shi.

AMFANINSA

Samun dabbar teku a tsakiyar tudu shaida ce cewa kimanin shekara miliyan 94 da suka shige, teku ya malale kwarin Binuwai da Gongola, ya ratsa Sahara. Haka kuma kowane zamani da irin amonait ɗinsa, don siffarsa kan sake da sauri. Da ita masana ke gane shekarun shimfiɗar dutse, abin da ke taimaka wa masu neman man fetur da kwal.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ɗalibi ko ma'aikacin da ya tsinci irin wannan dutse kada ya fasa shi, kada ya goge, kada kuma ya sayar. Ya rubuta sunan wurin, da kwanan wata, da irin dutsen da ya ciro shi, domin amonait da ba a san mafitarsa ba ya zama wasiƙa marar adireshi. Sannan ya naɗe shi cikin takarda, ya kai Sashen Nazarin Duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Dukiya ce ta ƙasa baki ɗaya, wadda idan ta salwanta ba a mayar da ita.