Yadda Ake Ɗora Wakilin Sa Ido a Kan Uwar Garke a Maiduguri

Duk mai kula da ɗakin kwamfuta a Maiduguri, a jami'a yake ko asibiti ko ofishin ƙungiyar agaji, ya san masu kutse ba su ne ke fara kayar da uwar garke ba. Ɗaukewar wuta ce, sai zafi, sai ƙura. Tun da aka kayar da turakun layin Damaturu zuwa Maiduguri a Janairun 2021 garin ya kwashe watanni a duhu, kuma ko bayan buɗe tashar iskar gas mai megawat 50 a Maris ɗin 2023, babu mai hankalin da ya sayar da janaretonsa. Don haka wakilin sa ido, wato ƙaramar manhajar da ake dasawa a cikin kowace uwar garke tana kai rahoton lafiyarta ga cibiya ɗaya, dole a saita shi da wannan gari a zuciya.

Zan yi misali da Zabbix, manhajar da Alexei Vladishev ya ƙirƙira, wadda kamfaninta ke Riga a ƙasar Latbiya. Kyauta ce, babu lasisin da za a biya da dala, wannan kaɗai ya isa hujja a ofisoshinmu. Na ɗauka ka riga ka kafa cibiyar, wato injin da rahotanni za su riƙa taruwa a kansa.

Kafin ka sauke komai, gyara abu biyu. Na farko agogo. Injin da batirin cikinsa ya mutu yakan farka da kwanan watan da ba na yau ba bayan an ɗauke wuta, rahotonsa kuwa sai ya faɗa inda ba wanda zai gan shi. Ɗora chrony, ka nuna wa duk injinan agogo ɗaya. Na biyu suna. Ka ba kowane inji sunan da zai gaya maka inda yake da aikin da yake yi, kamar rajista-db-01. Ranar da waya ta yi ƙara da ƙarfe biyun dare, ba za ka so ka tsaya tunanin wane ne "server2" ba.

Saukewar ba ta da wuya. A Ubuntu ko Debian, ka ƙara rumbun Zabbix na hukuma, ka buga apt update, sannan apt install zabbix-agent2. Ka zaɓi zubi ɗaya da na cibiyarka, idan 7.0 ce, wadda ta fito a 2024 da alkawarin kulawa ta dogon zango, to wakilin ma 7.0. A Windows fayil ɗin MSI ne. Idan data ta yi tsada ko intanet na rarrafe, sauke sau ɗaya ka raba wa sauran ta cikin gida.

Ainihin aikin yana cikin /etc/zabbix/zabbix_agent2.conf, kuma a nan ya kamata a zauna a natsu. Wakili na aiki ta hanya biyu. Ko dai ya jira cibiya ta ƙwanƙwasa masa ƙofa ta 10050 ta tambaye shi, ko kuma shi da kansa ya je ƙofar cibiya ta 10051 ya kai rahoto. Layin Server= na hanyar farko ne, ServerActive= na ta biyu. Ni dai a Maiduguri ta biyun nake ba kowa shawara. Idan cibiya ce mai tambaya kuma layi ya yanke, duk abin da ya faru a lokacin ya tafi ke nan, alhali lokacin ne ka fi bukatar sani. Wakili mai kai rahoto da kansa kuwa yana iya ajiye bayanansa har layi ya dawo, kamar ɗan aiken da ya tarar da ƙofa a rufe ya zauna a zaure da saƙonsa.

Amma sai ka ce masa ya ajiye ɗin a faifai, in ba haka ba wuta na ɗaukewa komai ya goge. Ka sa EnablePersistentBuffer=1, ka nuna masa wurin ajiya a PersistentBufferFile. Wa'adin da yake zuwa da shi awa ɗaya ne kacal, wanda a nan wasa ne. Ka mayar da PersistentBufferPeriod kwana biyu ko uku. A layin Hostname= ka rubuta sunan injin daidai da yadda za ka rubuta shi a cibiya, babban baƙi da ƙarami duk lissafi ne. Mafi yawan kukan "wakili ya ƙi magana" daga nan yake.

Sai makulli. In ba ka ce komai ba, rahoto a buɗe yake tafiya. Ka buga openssl rand -hex 32, ka zuba abin da ya fito a wani fayil da asusun zabbix kaɗai ke iya karantawa, sannan ka cika TLSConnect=psk, TLSAccept=psk, TLSPSKIdentity da TLSPSKFile. Kowane inji da nasa makullin. Na san gajiya kan sa mutum ya yi ɗaya ya raba wa kowa, amma ranar da ɗaya ya fita hannu, duka za ka canza. Akwai kuma system.run, damar da ke barin cibiya ta ba injin umarni daga nesa. A kulle take zuwa. Bar ta a haka sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Yanzu ka tayar da shi da systemctl enable --now zabbix-agent2. Kada ka manta da enable ɗin, shi ke sa wakili ya tashi da kansa duk lokacin da aka kawo wuta. Ka buɗe masa hanyar fita zuwa 10051 a katangar tsaro, ka je shafin cibiya ka yi wa injin rajista da suna da makulli, ka liƙa masa samfurin Linux by Zabbix agent active. Cikin 'yan mintoci alƙaluma za su fara shigowa. In shiru, buɗe /var/log/zabbix/zabbix_agent2.log, yawanci dalilin na nan a rubuce ƙarara.

Samfurin zai ba ka nauyin aiki, ƙwaƙwalwa da cikar faifai. Masu rubuta shi ba su san Afrilun Borno ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ko hunturun da ke toshe fankokin inji da ƙura. Kai za ka ƙara wannan. Ɗora lm-sensors don zafin inji, ka haɗa UPS ɗinka da manhajar NUT, sannan ka yi amfani da UserParameter wakili ya riƙa karanto saura nawa a batir da ko wutar waje ta ɗauke. Ka sa gargaɗi ya zo tun zafi na hawa, domin idan na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya da rana tsaka, ɗan ƙaramin ɗaki ba ya jimawa yake zama tanda. Gargaɗin kuma ya bi ta saƙon waya ko Telegram zuwa ga wanda ke riƙe da makullin janareto, ba imel ɗin shugaban sashe kaɗai ba.

Ambaliyar madatsar Alau ta 10 ga Satumban 2024 ta shiga gine-gine da dama a cikin gari. Cibiyar da ke zaune ɗaki ɗaya da injinan da take gadi, tare za su nutse, ba mai ba da labari. In da hali ka ajiye ta a wani ginin ko a wajen gari, ka bar Zabbix proxy a gida yana tara rahoto yana turawa.

Kafin ka ce ka gama, zare wayar sadarwar inji ɗaya na rabin awa, ka mayar, ka duba ko giɓin ya cike a jadawali. Sannan kashe babban makunnin wutar ɗakin ka ga ko wayarka za ta yi ƙara. Yi wannan gwajin da safe, ranar da mai janareto yana kusa.